Goshin Kakanku da Sikanar Baffa Dikko

Kun taso kuna jin ana cewa uwarku ce ta kashe shagon Kalgo. Gwaggonku Kulu ta ba ku labarin yadda ya yi mata daɗi, Baffanku Alhaji Dikko ya ba 'ya'yansa yadda ya yi masa zafi, Babanku kuwa duk sanda kuka tambaye shi sai ya tashi neman buta. Tunda idona bai gama tafiya ba, hannuna kuma yana iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, don ni ce na riƙe sukundireba a ranar.

A shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, muna zaune a Kalgo cikin gidan haya. Babanku Malam Sambo yana koyarwa a firamare, ni kuma ina buga wa mutane takardu da tafireta a wani ɗan shago kusa da tasha. Shagon na Baffanku ne. Shi ne babba a ɗakinsu, yana kai shinkafa Kano ya dawo da duk abin da idonsa ya faɗa a kai. Ya taɓa dawowa da agogon bango mai carar zakara, wanda ya hana kajin gidansu sanin lokaci. A wannan shekarar sai ya dawo da kwamfuta ta gwanjo, da firinta, da wani faffaɗan akwati mai murfi, wanda in ka ɗaga murfin sai ka ga gilashi a shimfiɗe. Ya ce sunansa sikana. Ana kifa hoto a kan gilashin, wata doguwar fitila ta bi ta ƙarƙashi a hankali tana gurnani, sai hoton ya bayyana a kwamfuta, a ƙara masa girma yadda ake so a buga. Ya tura ni Birnin Kebbi na koyi aikin wajen wani abokinsa, na dawo ina jin duk ƙasar Gwandu ba macen da ta kai ni. Ranar da ya damƙa mini mabuɗin shagon, sai ya juya sikanar ya nuna mini wata 'yar takarda mai walƙiya da aka manna a bayanta.

“Kin ga wagga? Wanda yas sai da min injin ya ce iskar da ke ciki tun Turai anka rufe ta. Ranar da anka buɗe, iskar ta hita, injin ya mutu. Ki goge bisa, ki goge gehe, amma ciki ba ruwanki.”

Na ce to, Yaya.

Mutum na farko da ya kawo mana aikin fosta shi ne Ɗanjuma ɗan kamasho, wanda ke lodin motocin Jega, ya fito takarar kansila. Ya kawo ɗan ƙaramin hotonsa irin na fasfo. Na ajiye shi a kusurwar gilashin inda aka zana kibiya, kamar yadda aka koya mini, na danna. Da hoton ya fito sai ga wani baƙin tabo a tsakiyar goshinsa, daidai wurin da yake fitowa ga dattawan da suka tsufa suna sujada. Na ba shi haƙuri, na goge gilashin da gefen mayafina, na sake. Tabon yana nan. Na ɗauko tsumma zan sake gogewa, sai ya tare ni.

“Malama, wa yac ce ki goge? Bar shi hakanan. Ki ƙara mishi girma ma in da hali.”

Ɗanjuma mutum ne mai kirki da son raha, amma duk tashar Kalgo an san cewa in aka kira sallah, lokacin ne motarsa take cika. Da aka manna fostar a jikin rumfar mai shayi, mutane suka taru suna kallo. Wani tsoho ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ashe bawan Allah ɓoye ibadarsa yake yi, mu ne muke ta ɗaukar alhakinsa. Kafin mako ya zagayo, 'yan takara sun cika mana shago. Daga Bunza aka zo, daga Jega aka zo, har daga Birnin Kebbi inda suke da injina sun fi namu. Wanda ya kawo babban hoto sai 'yan'uwansa su ja shi gefe su ce ya koma ya ɗauko ƙarami, don ƙaramin ne yake fitar da abin. Baffanku ya sa aka kawo masa kujera ƙofar shago, yana zaune yana yi wa mutane bayani cewa injin na Turawa ne amma yana ganin abin da ke zuciyar mutum. Ranar da tabon ya fito a goshin wani jariri da uwarsa ta kawo hotonsa, ko gezau bai yi ba, ya ce yaron malami zai zama. Hoton mata kuwa sai na koyi juya shi kai ƙasa, tabon ya faɗa a mayafi ya ɓace cikin zane.

Ni na san datti ne. In na ɗaga murfin na karkata kaina wajen hasken ƙofa, ina ganinsa manne a gilashin ta ciki, inda tsumma ba ya kaiwa. Ba shi kaɗai ba ma. Gilashin duk ya yi hazo ta ƙasa, kuma duk abin da na ajiye a tsakiya sai wani siririn layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa. Na gaya wa Babanku a gida. Ya ci gaba da duba littattafan yaransa, ya ce Yaya ne mai kaya, mai kaya kuma bai yi kuka ba.

Da abin ya tsaya ga 'yan siyasa, da har yau ban taɓa sukundireba ba. Kakarku Inna ce ta shigo cikin maganar. Tana zaune a gidan gado a Gwandu tare da Gwaggonku Kulu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Kakanku Malam Buba ya rasu tun kafin a haifi babbarku, kuma hotonsa guda ɗaya ne a duniya, wanda aka ɗauka lokacin da ya yi niyyar aikin hajji, Allah bai nufa ya je ba. Inna tana ajiye shi a ƙasan kwalla, a naɗe cikin ƙyalle. Da ta ji labarin injin da ke girmama hoto, sai ta kira ni ɗaki ta kwance ƙyallen ta ba ni, ta ce idonta ya daina ganin ƙananan abubuwa. Na kai shi Kalgo a cikin rigata. Na ajiye shi a kusurwa, tabo ya hau goshi. Na juya shi kai ƙasa, tabo ya sauka a farar rigarsa. Na matsar da shi tsakiya, layi ya ratsa kumatunsa. Na rasa wanda zan zaɓa, na buga duka na kai mata, ta zaɓa da kanta. Ta fito da su tsakar gida inda haske yake, ta ɗaga na farko kusa da hancinta.

“Wanga ba shi ba ne. Malam ya yi sallah, ban ce bai yi ba, amma bisa buzu mai laushi shika yi. Goshinai sumul har anka kai shi.”

Ta ɗauki na biyu.

“Wanga kau miya ta zube mishi ga riga. Mutumin da ko hura zai sha sai ya naɗe hannu.”

Da ta kai ga mai layi a kumatu sai ta ɗago ta dube ni. Kun san ni Bakaba ce, ubana masunci ne, su kuma Fulani ne, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan Inna ba ta bar ni na huta da wannan tsokana ba.

“A'i, nan kin yi mishi tsage kin mai da shi ɗan'uwanku. Saura ki riƙa mishi homar kamun kihi.”

Kulu ta yi dariya, ni ma na yi. Inna ba ta yi ba. Ta jera hotunan a cinyarta, sannan ta yi magana a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba.

“Na hwara mance huskarshi. In na rufe ido muryar nika ji, tarin nan nashi na asuba nika ji, amma huskar ba ta zowa.”

A nan na gaya mata gaskiya, cewa datti ne a cikin injin, kuma Yaya ya hana a buɗe. Inna ba ta kiran sunan Baffanku don ɗan fari ne, sai dai ta ce na Kalgo.

“Na Kalgo ya hana? Kawo injin nan ɗakina. In ga wanda za ya shigo ya hana.”

Babanku bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba. Ya ce shi dai a rubuta cewa ba ya ciki. Sai dai ranar Asabar ɗin da Baffanku ya tafi Kano da shinkafa, na naɗe sikanar cikin zanen gado, na tarar ba zan iya ɗauka ba ga goyo, sai wanda ba ya ciki ya ɗauka. Shi ya rungume ta a cinya daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi, muka sake mota, ya sake rungume ta har Gwandu. Duk ramin da muka faɗa sai wani abu ya zame a cikinta ya bugi gefe, Babanku ya rufe ido ya yi salati. Wata tsohuwa da za ta sauka Kambaza ta tambaye shi ko murhun zamani ne. Ya ce mata shi ma aike ne, bai san abin da ke ciki ba.

Da hantsi muka shimfiɗa farin zane a kan tabarma a ɗakin Inna, muka kifa sikanar. Sukundireba ta keken ɗinkin Kulu ce. Na kwance kusoshin da na gani, na ja, murfin ciki ya ƙi tashi. Na ɓamɓare ƙafafun roba na ƙasa, sai ga wasu kusoshin a ɓoye. Na sake ja, ya ƙi. Na shafa 'yar takardar nan mai walƙiya da yatsa, na ji rami a ƙarƙashinta. Kusa ta ƙarshe tana nan, kuma ba hanyar isa gare ta sai an huda takardar. Na tsaya da sukundireba a hannu, ina tunanin shagon, da mabuɗin da ke ɗaure a bakin zanena, da yadda nake tafiya tasha da safe mutane suna cewa ga mai kwamfuta nan. Inna ta ce bisimilla. Na huda. Muka juya injin, na sa farce a tsaga na ɗaga saman da gilashinsa a hankali, kowa ya riƙe numfashi yana jiran ya ji fitar iskar Turai. Kulu har yau tana rantsuwa ta ji huci. Abin da ni na gani shi ne wata ƙatuwar tsaka, fara sol saboda rashin rana, ta ɗago kai ta dube mu. Ta yi tsalle ta hau hannun rigar Babanku, ta bi ta kafaɗarsa ta kama bango. Babanku, wanda yaran firamare ke jin takunsa su yi tsit, ya fita ɗakin ba takalmi, ya ture butar Inna a ƙofa. Inna ta bi tsakar da ido har ta shige azara.

“To, Baturen ya hita. Ci gaba, A'i.”

Cikin injin kamar ɗakin da aka rufe aka yi tafiya. Ƙura ta kwanta ko'ina, ga gawarwakin tururuwa da fukafukan ƙwari, abincin mai gidan da ta gudu, ga ƙwai biyu farare manne a lungu. Na jingina gilashin da gado muka duba ta ƙasa. Tabon yana nan a kusurwa, baƙi, busasshe, da ɗan fari a bakinsa. Duk wanda ya taɓa share ɗaki ya san wannan abu. Kulu ta matso ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa.

“Yanzu duk sallar ga da munka gani ga bango, kashin tsaka ne?”

Ta kwanta a tabarma tana dariya har tana shure-shure. Na roƙe ta don Allah kada maganar ta fita ɗakin. Ta share hawaye ta yi mini alkawari, ta ƙara da rantsuwa wadda ban roƙa ba.

Ba wanda ya san yadda ake wanke irin wannan abu, har ni. Kulu ta kawo toka da soson tukunya, Inna ta buge mata hannu. Ni na ce a kawo ruwan sabulu. Na kankare tabon da farce bayan ya jiƙa, na wanke gilashin tas, muka jira ya bushe, sai ga shi ya yi zane-zane fari kamar ƙafar yaron da ya yi wanka a tafki, ya fi da muni. Babanku, da yake neman hanyar da zai dawo ɗakin da mutuncinsa, ya leƙo ya ce ya ga masu gyaran agogo suna amfani da sifirit. Ya je kemis ya sayo da auduga. Audugar ta bar gashi a gilashin. Sai Inna ta buɗe akwati ta ciro wani tsohon farin kallabi da wanki ya cinye har ya yi laushi kamar fatar jariri, da shi muka samu gilashin ya fita, har in ka ɗaga shi sai ka rantse ba komai a hannunka. Akwai wani farin tsiri manne a gefensa ta ciki, Kulu ta ce a ɓare shi tunda ya yi dauɗa. Na gwada da farce, ya ƙi, na goge shi kawai na bar shi. Sai bayan shekaru wani ya gaya mini cewa shi injin yake fara kallo ya gane mene ne fari, da na ɓare shi da tuni an gama. Ƙarfin gam ne ya cece ni.

Ƙarƙashin fitilar akwai wasu siraran madubai a cikin wani dogon gida na roba mai tafiya a kan sandar ƙarfe. A kan ɗaya daga cikinsu na ga ƙafar kyankyaso a kwance, na ce ga mai yi wa mutane tsage. Na hura da baki, sai yawu ya fantsama, na ƙara wa kaina aiki. Inna ta aika aka tsinto gashin zabo, da shi na share ƙurar, sannan na naɗa ƙyallen kallabin a tsinken tsintsiya na bi madubin a hankali. Sandar ƙarfen ta yi baƙin maiƙo, na goge na ɗiga mata man keken ɗinki. Ina cikin turawa in ga ko tana tafiya, sai ɗan bel ɗin roba mai haƙora ya zame daga kan dabaransa, wato ɗan wilin da ke juya shi, ina ƙoƙarin mayar da shi kuma gwiwar hannuna ta fizge wata faffaɗar waya mai kama da ribon ɗin kitso, ta fita daga raminta. A nan ne na zauna dirshan na ce na kashe wa Yaya inji. Babanku ya tsuguna, ya sa tabarau, ya riƙe mini dabaran da yatsa biyu har na mayar da bel ɗin, sannan ya tura wayar cikin raminta da kansa, yana faɗa wa bango cewa shi fa ba ya ciki. Muka rufe, muka ɗaure kusoshi, na ɗaga murfi in yi kallon ƙarshe, sai ga shatin babban yatsa a tsakiyar gilashin, ta ciki, yana ƙyalli da man shanu. Muka dubi juna. Inna ta gyara zama.

“Na ɗan taɓa ne in ji ko ya yi sumul.”

Muka sake kwancewa daga farko.

A Gwandu ba kwamfutar da za mu gwada, don haka haka muka koma Kalgo ba mu san ko gawa muka ɗauko ba. Ranar Litinin da safe na tayar da janareta, na haɗa wayoyi, na kunna. Fitilar ta kama, sai injin ya fara wani irin kuka kamar ana niƙa tsakuwa, abin ciki yana kakkarwa bai motsa ba. Na kashe. Na sake kunnawa, haka. Na ɗaga shi in ga ko wata kusa ce ta faɗa, sai na ga wani ɗan maɓalli a ƙasa da aka zana kwaɗo a gefensa, ya koma wajen kwaɗon da ke kulle. Babanku ne ya ture shi da yatsa a mota saboda tsananin riƙo. Na mayar da shi, na kunna, fitilar ta tafi sumul ba ko gurnanin da muka saba ji. Na ajiye hoton Malam Buba a tsakiyar gilashi. Ya fara fitowa daga hula, layi bayan layi. Goshi ba komai. Ga wani ɗan tabo a girarsa ta hagu wanda ban taɓa lura da shi a ƙaramin hoton ba, ga tattarar gefen ido, ga bakinsa ya ɗan karkace kamar mai riƙe dariya don mai hoto ya ce kada a motsa.

Da na kai wa Inna, ba ta fita tsakar gida ba. Ta riƙe shi a ɗaki da hannu biyu, ta daɗe. Ta sa yatsa a kan girar.

“Bijimin kasuwar Maruda ne yai mishi wanga. Na hwaɗa mishi kada shi saye shi.”

Sai ta ja mayafinta ta rufe kai, kamar yadda take yi a da in Malam ya shigo gida, ta ce mu ba ta wuri.

Alkawarin Kulu ya kai har ranar Laraba, da aka yi suna a maƙwabta. Kafin Baffanku ya dawo daga Kano, labarin ya riga shi isa tashar Kalgo. Yara suka bi fostoci da gawayi suna zana tsaka a saman kowane goshi. Ɗanjuma ya zo shago ya tsaya a ƙofa, na ɗauka faɗa zai yi, sai ya ce shi bai damu ba, don abokin takararsa ma a wurinmu ya buga, tsaka ɗaya ce ta yi musu. Wasu ba su ɗauke shi da sauƙi haka ba. Akwai wanda ya aiko a gaya wa Alhaji Dikko ya mai da su abin dariya, akwai wanda ya daina amsa sallamarsa. Masu zuwa daga nesa kuwa suka ɗauke ƙafa, don hoto mai tsabta suna da shi a garuruwansu. Baffanku ya sauka daga mota ya ji komai kafin ya kai gida. Ya zo gidanmu da la'asar, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Ina tsaye a gabansa amma bai dube ni ba.

“Sambo, hwaɗa ma matarka na ba ta amana ta huda. Hwaɗa mata ta ba ni mabuɗina.”

Babanku ya buɗe baki, na ɗauka zai ce ba ya ciki. Sai ya ce, “Yaya, ni na ɗauki injin har Gwandu. Ni na mai da wayar.” Wannan ita ce magana mafi tsada da ya taɓa yi saboda ni, don daga ranar shi da yayansa ba su sake sa hannu a kwano ɗaya ba sai da shekara ta kusa zagayowa. Na kwance mabuɗin na miƙa. Washegari aka kwashe kwamfuta da firinta da sikana aka kai wa wani a Birnin Kebbi, aka ba mai sayar da taya shagon. Na dawo da tafiretata zauren gida. Kada ku ji ana dariya ku ɗauka abin bai yi mini ciwo ba. Ina son aikin nan fiye da yadda na taɓa gaya wa kowa, kuma ban sake zama gaban kwamfuta a matsayin mai aiki ba har na tsufa. Na kan bi ta tasha in sauya hanya don kada in ga tayoyi a jere inda teburina yake.

Da babbar sallah muka haɗu duka a Gwandu, don wannan ba wanda ya isa ya ƙi. Baffanku ya shiga gaida Inna, mu muna ciki ba mu samu hanyar fita ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗago kai, sai ya yi ido huɗu da ubansa. Inna ta sa an yi wa hoton firam ta rataye shi saman gado. Bai taɓa ganin babban hoton ba, don tun abin da ya faru gaisuwarsa a tsakar gida take tsayawa. Maganar da ya fara ta tsaya a bakinsa. Ya tashi ya matsa kusa, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Mutumin da ba ya iya shiru ko a gidan gaisuwa, ya tsaya har Kulu ta fara motsi. Ya fita, kuma da aka kawo nama ya ce a haɗa masa kwano da Sambo.

Bayan sallah da 'yan kwanaki, da hantsi, wata a-kori-kura ta tsaya ƙofar gidanmu a Kalgo. Aka sauke kwamfuta da firinta da sikana a zaure, aron yini ɗaya. Na ɗaga murfin, na ga mutanen Birnin Kebbi sun bar gilashin ya sake yin hazo ta ciki. Baffanku ya sa hannu a aljihu ya ciro sabuwar sukundireba mai jan mariƙi, ya ajiye a kan murfin, ya ciro ƙaramin hoton da ya karɓo daga Inna a cikin ƙyallensa ya ajiye kusa da ita. Ya juya wajen Babanku ya fara, “Sambo, hwaɗa ma…” sai ya tsaya. Ya dube ni.

“A'i, guda nika so, babba, na ɗakina. Ki bar mishi goshinai yadda Allah yay yi shi.”

Na ce to, Yaya. Ya ja kujera can bakin ƙofa, ya tattare babbar rigarsa ya ɗage ƙafafu daga ƙasa, ya ce in buɗe.